Faifan da Auta Ya Bari

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, wadda ake yi wa ɗa ko ya nema ko bai nema ba. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci a zaune, kana kuma yin salla a kan lokacinta. Mu dai sai godiya. Gwiwar nan ce kawai da ka sani.

Ka san dalilin da ya sa nake rubuto maka da hannu. Ƙarar keken surfani ta gama cinye min kunnen dama, na hagu ma ya kama hanya. In an kira ni a waya sai dai in yi ta cewa na'am ban ji komai ba. Ban kuma ce kana yawan kira ba. Yayarka za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Ka karanta har ƙarshe, kada ka yi min irin karatun da kake wa takardar magani.

Kwamfutar shago ta mutu. Ranar Litinin aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji wani ɗan tas, sai wari kamar ana ƙona gashi. Mai gyara na bakin layi ya buɗe cikinta, ya ce ma'ajiyarta ta soye, babu abin da za a ciro. Ban ɗaga hankalina ba. Na ce masa ɗana ya yi mana tanadi. Ka tuna baƙin faifan ajiya da ka bar mana a zuwanka na ƙarshe, ka ce duk abin da ke cikin kwamfuta zai riƙa kwafe kansa a ciki in an jona shi? Tun ranar ban taɓa fashi ba. Duk Asabar, in yayarka ta tafi gida, sai in jona shi, in zauna har shuɗiyar fitilarsa ta daina ƙiftawa, in cire, in naɗe shi a wani ƙyalle mai kauri, in kulle a durowa. Ranar da nake zazzaɓi ma sai da na yi. Abin da aka ba ni amana ba na wasa da shi, ba kamar wasu ba.

To mun samo wata kwamfutar, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Muka jona faifan. Fitila ta kama, yana ɗan gurnani kamar yadda ya saba, amma kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Wai sai an yi masa fomatin, wato a share shi tas a sake tsara shi, kafin ta yi hulɗa da shi. Yayarka ta tsaya tana fassara min. Na ce mata ni ma na yi sakandare, kuma a lokacin da ake karatu.

Ka san abin da ke cikin faifan nan. Duk zanen da keken nan yake ɗinkawa: bajon makarantu, tambarin otal, sunaye, furannin shimfiɗar gado da rigunan matashin kai. Nawa na da, da na yayarka na yanzu. Keke in babu zane tarin ƙarfe ne. Tun da idona ya daina jure hasken allo ita ce ke zanawa. Irin nata na zamani ne, akwai wasu jajayen furanni da na ce mata kamar an zubar da fenti. Kuma kowane zane sai ta gwada shi a kan sabon ƙyalle, ba ta san yadi saye ake yi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, nata ake saye yanzu.

Jiya tana naɗe zare ta ce min, ba tare da ta dube ni ba: "Mama, in zanen nan ya tafi, ni ma na tafi. Ba zan iya komawa farko ba." Da ma mijinta ya daɗe yana cewa ta huta. In ta tafi, rufe shagon zan yi, babu wani kwana-kwana.

Ka faɗa mana abin da za mu yi. A rubuce, dalla-dalla.

Allah ya yi maka albarka, ya kuma shirye ka.

Mahaifiyarka

*

Mamana ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina kwana, ya gwiwa? Na karanta har ƙarshe, har da wurin da aka soke ni. Na karɓa.

Abu na farko, don Allah don Annabi kada kowa ya danna "eh" a maganar fomatin ɗin nan. Ko wa ya ce a danna, ko da farin gemu ya zo. In aka danna, an gama.

Sannan a gwada waɗannan. A canza kebul, wani lokaci igiyar ce ke gajiya. A jona shi a kafofin bayan kwamfutar, na gaba ba su cika ƙarfi ba. Yaya ta kara kunne a jikinsa, in yana ƙas-ƙas kamar agogo a cire shi nan take. In gurnani kawai yake, lafiyarsa ƙalau. In duk an yi bai buɗe ba, a gwada shi a kwamfutar wani.

Ki kwantar da hankalinki, Mama. Kayanku na nan. Ni na haɗa abin nan da hannuna.

Aiki ya yi min yawa ne, shi ya sa ba a jina. A gaida Yaya da yara.

Autanki

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ga amsarka. Gajeriya ce, amma ta fi shiru.

Mun yi duk abin da ka ce. Sabon kebul, kafar baya, kafar gefe, babu wadda ba mu cusa shi ba. Yayarka ta kara kunne ta ce gurnani ne kawai. Ni ma na kara, don dai kada a ce ban yi ba. Na ɗauke shi da kaina na kai shagon mai buga takardu na tsallaken titi, na hau matattakalar nan tasa da gwiwar nan tawa. Tasa kwamfutar ma abin da ta faɗa ke nan: ba ta san shi ba, a share.

Mai gyara ya zo ya zauna a kujerata ba a ce masa zauna ba. Ya ce, "Hajiya, ki bari in danna kawai, daga baya ina da dabarar da zan dawo da su." Na ce, "In ka rushe ɗaki kana da dabarar dawo da shi?" Ya ce ai ba ɗaya ba ne. Na ga yatsansa yana matsawa, na buge hannun. Ya yi fushi, na ba shi ruwa ya sha, ya huce. Mutanen yanzu ke nan. Abin da ba su gane ba, sai su ce a goge. Babu mai haƙurin zama da abu har ya fahimce shi, ko na'ura ce, ko aure, ko iyaye.

Yau kwanaki ke nan keke a rufe da zani. Shagon ya yi tsit, har ina jin kaina yana ƙara. Shugabar makarantar nan mai kore da fari ta aiko a kan bajon sababbin ɗalibai, na ce a ba mu mako. Matar otal ta zo da kanta. Na gaji da cewa a yi haƙuri, ban saba ba. Ni ake ba haƙuri a sana'ar nan.

Ka ce da hannunka ka haɗa shi. To hannun naka ya san abin da ya yi. Ka tuna.

Allah ya tsare.

Mahaifiyarka

*

Auta,

Sannu da hutawa, manyan gari. Wannan tawa ce, Mama ba ta san na rubuto ba.

Bari in taƙaita maka, don bayana ciwo yake. Na shiga wurin da kwamfuta ke nuna duk faifan da aka jona mata. Tana ganinsa sarai, har girmansa ta faɗa. Tsarin cikinsa ne ba ta sani ba. Kwamfuta biyu ke nan duk bakinsu ɗaya. To tambayata ita ce, a wace kwamfuta ka shirya shi tun farko? Ba a taka ba ce, siririyar nan mai tsada da kake hana yarana taɓawa? Don na san irin taku da irin tamu ba sa jin yaren juna.

Ni ban taɓa riƙe faifan nan ba sai makon nan, ka sani? Durowar ma ban san kalar cikinta ba. Ni ke zane, ni ke fama da masu kaya, ni ke kwance zare in ya sarƙe, amma ajiya aikin manya ne. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa, "Ɗana ya yi mana tanadi." Ɗanta. Ni kuma mai ɓarnar yadi.

Ba faɗa nake ba, ƙarfin faɗan ma babu. Akwai zanen da na yi sati ina gyara ganye ɗaya a cikinsa. Ina rufe ido ina ganinsu, amma in ka ce in sake su daga ka, wallahi ba zan iya ba.

Ka amsa min yau, ba gobe ba.

Yayarka

*

Yaya,

Kin gano shi. A tawa na shirya shi, don a lokacin ita ce a hannuna. Sai na sa wa tsohuwar kwamfutar shago wata 'yar manhaja, kamar tafinta, mai sa ta gane faifan. Da kwamfutar ta mutu, tafintan ya bi ta. Na manta shaf da maganar, sai da kika faɗa.

Ga inda za ki sauko da ita, na turo miki a ƙasa. Ki sa ta, ki kashe kwamfutar ki kunna, sannan ki jona faifan. Zai buɗe. Yana buɗewa ki kwashe komai ki zuba a sabuwar kafin ki yi wani abu.

Ki ce wa Mama ta shirya min addu'a mai tsawo. Ke kuma ki daina cewa ba a ganin aikinki, kowa ya san ke ce shagon.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Za ka ga hoton takardar nan a karkace, har da ɗan yatsa a gefe. Mai sayar da maɓalli na kusa da mu ne ya ɗauka, don yayarka ba ta nan.

Faifan ya buɗe. Washegarin da ka turo, da safe, yayarka ta sa tafintan naka, ta kashe ta kunna, sai ga shi ya fito a allo da sunan shago. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai maɓalli ya leƙo. Ta shiga ciki. Ga bajon makarantu, ga tambarin otal na da, ga kurciyoyina, ga igiyar furen da na yi tun kana goye. Duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba.

Sai ta shiga neman nata. Ta yi ƙasa, ta yi sama. Ta rubuta sunan wani zane ta nema, babu. Ta rubuta wani, babu. Ta jera su bisa kwanan wata. Ka san abu na ƙarshe da ya shiga faifan nan? Ɗan zanen da ka yi na wasa, ka rubuta AUTA da manyan baƙaƙe don ka nuna min yadda ake kwafewa. Ranar da ka tafi ke nan. Daga shi babu komai. Shekarun nan duka da nake jonawa ina cirewa, ina zaune ina kallon fitila, ashe ko allura ba ta shiga ba.

Na aika aka kira mai gyara, ya zo yana ɗan taka ƙasa da ƙarfi. Ya duba ya ce tafintan da ka sa na gwaji ne. Na kwana biyu-uku kawai yake aiki cikakke, daga nan sai dai ya karanta abin da ke ciki, ba ya barin a ƙara sabo sai an saye shi. Ya ce, "Ai dole yana faɗa, Hajiya. Ba ki taɓa ganin wani ɗan saƙo a kusurwar allo ba?"

Na gani. Duk Asabar yana fitowa, ɗan ƙarami, a ƙasa ta hannun dama. Kuma duk Asabar ina rufe shi. Kai ka tsaya a kaina a shagon nan ka ce, "Mama, duk abin da ya faɗo a kusurwa talla ne ko 'yan damfara, kada ma ki karanta, ki danna ki rufe." Na riƙe maganarka kamar yadda nake so a riƙe tawa. Rubutun kuma ƙanana ne, idona ba ya kai su sai na matsa, ban kuwa matsa ba tunda an ce kada in karanta.

Yayarka ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna tana kallon sunanka a allo. Can ta ce, "Da kin bar ni na jona shi sau ɗaya, Mama. Sau ɗaya tak. Da na karanta." Na ce mata ba a yi wa uwa magana da wannan murya. Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafi, ta ce a gaida gida, kamar baƙuwa. Yau kwana na nawa ban ƙirga ba, ba ta zo ba.

Na kunna keken da kaina na fitar da bajon makarantar nan, tunda zanensa tsoho ne. Zare ya tsinke min ya fi a ƙirga, kuma kafin in zura shi a allura sai na kira mai maɓalli. Matar otal ta ce ita sabon tambari take so, wanda yayarka ta yi. Na ce babu. Ta ce to za ta duba wani wuri.

Ba zan yi maka dogon wa'azi ba, na gaji. Abu ɗaya zan faɗa. In za ka yi wa mutum alheri, ka tsaya ka ga ƙarshensa. Rabin alheri da aka tafi aka bari ya fi rashinsa cutarwa, don mutum yana kwana da daɗin rai a kan babu.

Allah ya kyauta.

Mahaifiyarka

*

Mama,

Na karanta. Na rasa ta inda zan fara. Niyyata in sayi cikakkiyar manhajar in na koma, sai abubuwa suka sha kaina. Ba hujja ba ce.

Na tambayi waɗanda suka fi ni sani ko za a iya ceto wani abu daga ƙonanniyar kwamfutar. Sun ga hoton cikinta, sun ce a haƙura. Zan aiko da sabon faifai, wanda kowace kwamfuta za ta gane. Na san ba shi ne maganar ba.

Na yi ta kiran Yaya, ba ta ɗauka. Ki yafe min, Mama. Ita ban san yadda zan ce mata ba.

Auta

*

Zuwa ga Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Ina fata ƙaramin ya daina tarin nan. Ki daina ba shi ruwan sanyi, na sha faɗa miki.

Ban taɓa rubuta miki takarda ba, don kullum kina gabana. Direban tasin da ke kai mana kaya zai miƙa miki wannan tare da wani buhu. Ki sa a shigar da shi ciki, kada a ajiye shi inda ruwa zai taɓa.

Ƙyallayenki ne na gwaji. Kin san duk zanen da kika gama sai kin ɗinka shi a kan ƙyalle kin duba, sannan ki jefa a kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Ni kuma in yi faɗa, in ce zan kwashe in yi tsumman goge mai da su. Ban yi ba. Ni ba na zubar da abu, kin sani. Duk Asabar, lokacin da nake jiran fitilar nan ta banza ta gama ƙiftawa, sai in juye kwandon, in tsince su, in yanke zaren da ya yi saura, in sa musu dutsen guga. A ƙarƙashin gadona suke. Na jera miki su yadda suka zo, na farko a ƙasa. Tambarin otal yana nan, da na gwajin farko da wanda kika gyara. Mai ganyen nan da kika yi mako kina fama da shi, har kika ƙi cin abinci, shi ma yana nan kala-kala.

Na san ƙyalle ba zane ba ne. Sai an ɗauki hotonsa, an bi shi layi-layi a kwamfuta, kuma aikin zai ci watanni. Amma ba daga ka za ki yi ba, ga shi a hannu. Ni idona ba ya ganin allo, amma yatsana yana gane inda ɗinki ya juya, kuma har yanzu babu mai riga ni gane lambar zare. In an zauna mutum biyu zai fi sauri.

Jiya da rana na baje su a kan gado ina dubawa a bakin taga. Mai tsuntsaye biyu a kan reshe na daɗe a kansa. Na nemi inda allura ta yi kuskure, ban samu ba. Ni a shekarunki ban kai nan ba.

Maganar da kika faɗa min a shago, muryar ce ban so ba. Maganar kanta ban ce ƙarya ba ce.

Za ki ga makulli ɗaure a bakin buhun. Na durowa ne. Ƙaninki zai aiko da sabon faifai, kuma ba ni zan riƙa jona shi ba.

Ƙyalle ɗaya ne ban sa a buhun ba, mai jajayen furannin nan. Shi nake naɗe faifan da shi tun ranar da kika ɗinka shi, don ya fi sauran kauri. Yana cikin durowa. In kina so, makulli na hannunki.

Ban ce dole ba. Ke ba yarinya ba ce. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Tarin ya yi sauƙi. Buhu ya iso, yaran sun baje min shi a tsakar ɗaki, har yanzu ban gama kwashewa ba.

Mai jajayen furannin, ba shi ne wanda aka zubar wa fenti ba? Kuma a yadi mara nauyi na ɗinka shi, Mama, ni na yanko shi. Babu wani kauri.

Zan zo ranar Asabar in ɗauki ƙyallena. Kada ki gyara min tebur, ni na san inda na bar komai.

Babba